Kawu Bagudu da Kalmar Gantali

Ku da kunka san Kawu Bagudu, wan mahaifiyata, ku faɗa mini wanda ya taɓa ganin shi zaune in ba salla yake yi ba. Igiya yake tufkawa, kuma a tafe yake tufkarta: kaba a hammata, daga Ƙofar Taramniya har Ƙofar Dundaye, ya fita gonaki, ya dawo da la'asar da igiya biyu. Abin da ya sa nake wannan magana, shekaranjiya wurin zaman makokinsa na ji wani na cewa, "Allah shi jiƙan mai gantali." Har yanzu raina na tafasa. Da Kawu na da rai, da mutumin bai fita da rawaninsa ba.

Kun tuna abin da ya sami Mamman mahauci, maƙwabcinsa. Da safe ya ce da shi cikin wasa, "Bagudu, an fita gantali?"

Kawu ya ajiye kabarsa ƙasa. "Mi kac ce? Gantali na akuya na wadda ta tsinke turke. Ragaita ta rago ta, ga sunan nan kana ji, daga rago ta fito. Shawagi na shirwa na. Malamai in sun tashi neman sani, littafi ya ce siyaha. Ni yawo nika yi, kuma yawo shi na uwarsu duka. Kai da ba ka san bambancin hanta da saifa ba cikin magana, wa ya ba ka wuƙa?"

Damina guda bai gaishe da Mamman ba. Kuma ba hanyarsa ba ce, amma kullum sai ya zagaya ta bakin rumfar Mamman. Na ce, "Kawu, mi ya kai ka can?" Ya ce, "In ban bi ba, yaya za shi san ban gaishe shi ba?"

Sai shekarar da wani Nasara ya sauka garin nan da tafintansa, wai ƙasa yake kallo. Kawu ya ji labari ya ce ai ɗan'uwa ne a sana'a. Ya tare tafintan bakin kasuwa, ina tsaye.

"Mutum shi fita shi yi ta tafiya ba inda ya nufa, mi mutanen ubangidanka ka ce mashi?"

Tafinta ya ce, "Wanda."

"Wanda mi?"

"Wanda kawai. Haka kalmar take a bakinsu."

"Ƙarasa maganarka, ɗan nema. Wanda ya ɓata? Wanda ya haukace?"

Tafinta ya rantse iyakarta ke nan. Ya ce in kogi ya yi ta karkacewa haka suke cewa, in mai magana ya saki zance ya kama wani, haka, in hankalin tsoho ya tafi, haka. Kawu ya fusata har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kalma guda ga kogi, ga mutum, ga mahaukaci? Wanga talauci na. Kuma tamu ta, sata sunka yi. Wani kakansu ya ji Bahaushe ya fara magana, bai tsaya ya ji ƙarshe ba ya ɗauke ya gudu. Ce ma ubangidanka shi maido muna, mu ƙarasa mashi."

Amma ranar da ya fi kowace rana zafi ita ce gaban alƙali. Kun san Tumba, matar marigayi Audu manomin Dundaye. Ƙanen mijinta ya ci mata iyakar gona, kunya ashirin, gonar da take ciyar da marayu huɗu. Wai wata 'yar aduwa ce iyakar, in ji shi. Ba mai shaida sai Kawu. Ƙanen ya miƙe ya ce, "Allah shi gafarta malam, ba a karɓar shaidar ɗan gantali."

Na ga alƙali yana duban ƙafafun Kawu, duk faso. Na san in shaidar ta faɗi gonar ta tafi.

Kawu ya ce, "Allah shi gafarta malam, mai gantali bai san inda ya fito ba. A tambaye ni."

Alƙali ya ce, "Ina iyakar take?"

"Daga kututturen gawo, taki arba'in zuwa shurin gara. An bizne tsohon dutsen niƙa tsakani, Audu ya bizne shi ina wucewa. Kuma daren goma ga watan jiya babu aduwar da wanga mutum ka faɗi, da safe na iske ta tsiro da ganyenta a yanƙwane."

Anka aika muhuti, mataimakin alƙali, da mutum biyu, sunka tona, ga dutse. Tumba ta fashe da kuka, aka mayar mata da gonarta. Munka ce to, Kawu ya huce. Ina! Ya ƙi fita. Ya ce gona ta Tumba ce, shi nashi haƙƙin bai fito ba, sai mutumin ya janye kalma. Sai da alƙali, yana danne dariya, ya sa shi ya ce sau uku, "Bagudu yawo yake yi." Kawu ya ce na biyun bai fita da kyau ba, a sake.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, faɗa ya yi ta yi da kowa, har da mai magani. Kwana biyu kafin cikawarsa yana ta kiran sunayen mutanen da sunka daɗe da rasuwa. Goggo Aisa, matarsa, ta ce da ni a hankali, "Hankalin kawunka ya fara yawo."

Ya buɗe ido guda. "Ziyara ya tai, Aisa. Shekara arba'in ina koya miki."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ni ma haka.

Allah shi jiƙan Kawu, shi yafe mashi zafin bakinsa, shi yalwata makwancinsa. Marayun da ya tsaya wa, Allah shi sa su zame mashi inuwa ranar da ba wata inuwa. Amin.