Ranar da Aka Toshe wa Gajeriya Baki

Mijin yayata mai gyaran keken ɗinki ne, amma kowa Injiniya yake ce masa, shi kuma bai taɓa hanawa ba. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Dukiyarsa ita ce akwatin kayan aiki, da zuciya mai saurin tafasa, da wata ƙaramar mota mai ƙofa ta baya da muke kira Gajeriya.

Shekara ashirin da biyu suna tare da motar nan. Kujerar baya ya daɗe da cire ta don kekuna su samu wuri: uku take ɗauka, huɗu in an kwance kawunansu. Ƙofar bayan ba ta tsayuwa sai an tokare ta da wani guntun katako, wanda sau biyu ya zame ta rufto masa a ƙeya. Ƙofar direba daga waje kawai take buɗuwa, sai ya zuro hannu ta taga. Yaya ta ce shuɗiya ce lokacin da aka saye ta. Mun yarda ne don ba mu san ta da ƙarya ba.

Sai muryarta. Salansar ta huje tun 'ya'yansa suna firamare, shi ya sa in ta taho sai ka ji fat-fat-fat, ta yi tari biyu, ta ja numfashi, ta ci gaba. Tun daga kwana ake jin ta.

Da aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi tuƙi sati uku. A nan ne babbar 'yarsa, wadda nas ce, ta same ni.

"Kawu, motar nan tana ba ni kunya. Ranar da ya kai ni wurin aiki, mai gadi cewa ya yi a kai janaretan ta baya."

Ni na ɗauko makullin daga ƙusar bayan ƙofa, ba zan ɓoye ba. Ba mu kai ta wurin tsohon bakanikensa ba, don bakinsa ba ya riƙe magana. Wani sabon gareji muka kai ta, irin wanda ma'aikatansa ke sa riga iri ɗaya. Suka buge bodi, suka yi mata farin fenti, suka gyara ƙofofi, suka sa sabuwar salansa.

Ranar da aka cire masa bandeji muka jera a ƙofar gida muna jiran godiya. Ya zagaya motar sau ɗaya. Ya shiga, ya murɗa makulli. Ya saurara. Ya sake murɗawa, injin ya yi ƙara kamar an taka mage.

"Baba, ai ta tashi tun ɗazu," in ji Nas.

Ya fito a hankali.

"Wa ya taɓa mini salansa?"

"Sabuwa ce, Baba. Yanzu ko jariri..."

"Jariri ne yake ba ni aiki? Na ce muku tana ciwo? Na kai kuka wurin wani? Mutum ya rufe ido sati uku, ya buɗe ya tarar an yanke masa harshe!" Ya juyo kaina. "Kai kuma Auta, furfura har a gira amma hankali bai iso ba. Na san kai ne. A gidan nan kai kaɗai ke shiga ba sallama ka fita ba sallama."

Yaya ta ce, "Haba Injiniya, yarinya ta yi abin arziki."

"Abin arziki! Ke ma a ɗinke miki baki mu ga arzikin."

Nas ta shige ɗaki da hawaye. Ni kuwa na ce a raina, tsufa ne da rashin godiya.

Ran Litinin Yaya ta ce in raka shi, don idon bai gama washewa ba. Muka shiga layin teloli na bayan kasuwa, mota tana tafiya sumul kamar ɓarawo. Ya je ƙarshen layi ya dawo. Ba wanda ya ɗago kai. Ya tsaya gaban shagon wani dattijon tela, sai telan ya yi mana nuni da almakashi ba tare da ya dube mu ba.

"Malam, a matsa gaba. Nan wurin Injiniya ne."

"To uban wa ka gani a ciki?"

Telan ya leƙo, ya saki baki. "Ashe kana nan! Mun ji shiru, muka ce ko ka ajiye aiki. Wani mai babur ne yake zagayawa yanzu, shi ya duba mana kekuna shida."

A rukunin gidajen da ke gaba abin ya fi muni. Matan da ke ɗinki a cikin gida ba su da lambarsa, shi ma ba shi da tasu, kuma bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. In suka ji fat-fat-fat da tari biyu, sai su fito da kan keke bakin ƙofa. Haka ake yi shekara da shekaru. Ranar nan mun bi layi biyar, ya danna hon har yatsansa ya gaji, ƙofa ɗaya ba ta buɗe ba. Hon ai na kowa ne.

Muka dawo da mota wayam. Duk hanya yana faɗa, da ni, da likitan ido, da mai babur, da wanda ya ƙirƙiro farin fenti. A tsakar gida ya dire akwatinsa ya ce wa Yaya, "Sati biyu haka, sai in koma sayar da zare."

Nas ta dawo daga aiki, tana tsaye tana ji. Ta buɗe akwatin ta ɗauki guduma da babbar ƙusa, ta shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ta kwanta da fararen kayanta.

Ya bi ta waje da sauri. Na ɗauka hana ta zai yi.

"Ba nan ba! Ke da kike yi wa mutane allura ba ki san wuri ba? Matsa kusa da gwiwar bututun. Yatsa huɗu. Buga!"

Ta buga. Ya tayar da mota, ya karkata kai kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci.

"Ƙara ɗaya."

A huji na uku tarin ya dawo, amma guda ɗaya.

"Wannan ba muryarta ba ce," in ji shi, "ta ƙanwarta ce." Ya miƙa wa 'yar tasa hannu ya tashe ta, ya kaɗe mata ƙasa a kafaɗa, yana ta mita cewa ta ɓata kayan aiki.

Ran Laraba ya dawo da kekuna biyu a baya. Wata mata ma, in ji shi, ta tambaye shi ko motar mura take yi.

Ni dai har yau ba ya yi mini magana sai ta bakin Yaya. Saƙon jiya shi ne in nemo masa katakonsa. Na ce ai ƙofar tana tsayuwa da kanta yanzu. Yaya ta shiga ta fito ta ce, wai bai tambaye ni ba.