Teburin da ke kusa da firinta

A ofishin da na fara aiki a Tamale, kwamfuta ɗaya ce kawai ke iya aika takarda zuwa firinta, kuma wani dattijo ne ke zaune a gabanta. Ɗan unguwarmu ta Moshi Zongo ne, sa'an mahaifina. Da tafireta ya fara aiki, da aka daina amfani da ita aka koya masa danna kwamfuta. Duk mai son buga takarda sai ya kai masa a filashi ya jira. Baba muke ce masa.

Dalilin wannan tsari shi ne an taɓa samun bairos ya cinye aikin ofishin, sai hedkwata a Akra ta ƙwace ikon admin daga hannun kowa. Ba wanda zai iya sa sabuwar manhaja a kwamfutarsa. Ita kuwa firinta ba ta aiki sai da direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, kuma da an zo sa direban sai ta nemi kalmar sirri.

Manaja ya kira ni ya ce ya gaji da ganin layi a bakin teburin Baba. Yana so kowa ya buga daga kujerarsa, amma kada in ba kowa kalmar sirrin da Akra ta ba ni don wannan aiki. Na yi murna, don aikin da na karanta ke nan. Na ɗora direban a kan saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗe da ita, na kafa ƙa'ida cewa kowace kwamfuta, da an kunna ta, ta karɓo shi da kanta daga sabarmu kaɗai, ba da sunan mai zama a gabanta ba. Gwajin farko bai yi ba, ta sake neman kalmar sirri, sai da na samo direba mai sa hannun kamfanin da ya ƙera firintar. Wuta tana ɗaukewa ina sake farawa. Baba yana kawo mini kunu, yana tambaya ko abin ya kusa. Ban san ko ya gane inda aikin ya nufa ba. Ni dai a lokacin ban hango ba.

Wata safiya akanta ta danna daga ɗakinta, firinta ta yi ƙara a gefen Baba, takarda ta fito ba tare da ya taɓa komai ba. Ya ɗauka ya duba, ya tashi ya kai mata. Haka ya riƙa yi bayan nan, yana rarraba takardu ɗaki ɗaki, har mutane suka fara ce masa ya bari za su zo da kansu. Sai ya koma goge ƙurar injin da jera takardun da ba wanda ya sa shi jerawa.

Da kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Na je wurin manaja na ce ko a bar shi ya riƙa kula da tawada da takarda. Ya ce babu wannan gurbi a tsarin Akra.

Ranar da zai tafi na goya shi a babur zuwa gida. Muna cikin cunkoson kekuna a bakin kasuwa ya matso kusa da kunnena.

"Ɗana, aikinka ya yi kyau. Kada ka sa a ranka."

Na sauke shi a ƙofar gidansa. Bayan haka nakan gan shi a masallacin unguwa, ya rame, yana salla a zaune. Ciwon suga ya taɓa masa ido, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta a unguwar Kaladan, can ya rasu da damina. Mu uku ne muka je jana'iza daga ofis. Da muka dawo na tarar an kawo sabuwar firinta a kwali, manaja yana jira in haɗa ta kafin a tashi.