Takalman Umma da Giwan Ruwa

Ranar ɗaya ga Oktoba ta 1979, ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, na fara ganin teku, kuma a tsakar gidan Alhaji Garba mai yadi na gan shi, a lungunmu na Mandawari. Shi kaɗai ke da talabijin a lungun, irin mai baƙi da fari, sai ya sa aka fito da ita aka ɗora a tebur don maƙwabta su ga rantsuwa. Manya suka kalli fareti da jawabai suka watse. Mu yara kuwa muka liƙe a tabarma, ni ina 'yar shekara takwas da ƙanena Habibu a goye, don rainonsa aikina ne. Bayan la'asar aka sako wani fim na dabbobi da Turanci.

Da farko na ɗauka duwatsu ne zube a bakin ruwa, sai wani dutsen ya ɗaga kai. Ba ƙafa, ba kunne, sai tulin kitse da wani hanci yana reto kamar tsohuwar safa. Ya miƙe ya gwabza ƙirji da ɗan'uwansa, suna cizon wuyan juna, yara maza suka hau ihu kamar a filin dambe. Yaya Sani, ɗan Alhajin da ke sakandare, shi ne tafintanmu. Ya kasa kunne ya ce Bature ya ambaci giwa, ga kuma ruwa muna gani, "wato dai giwan ruwa." Hajiyar gidan ta leƙo daga madafi ta ce, "Kai Sani, ji tsoron Allah! Kifin da muke sawa a miya?" Shi kuwa ba zai yarda a kayar da shi a gaban yara ba, sai ya ce namu tun suna jarirai ake kamo su.

Abin da ya tsaya mini a rai macen ce. Yaya Sani ya ce in ta haihu, wajen wata guda take yi tana shayarwa ba ta sa komai a baki ba. Muka ga ɗan yana kumbura, ita tana zubewa. Can sai ta ja ciki ta faɗa teku, ɗan yana kuka a kan yashi, ko waiwaye ba ta yi ba. Na tambaya yaushe za ta dawo, ya ce ai yayen ke nan, ba ta dawowa.

Na shiga gida na dubi Umma da sabon ido. Ƙashin wuyanta ya fito, zaninta sai ta ƙara zagaye yake kama ta, ga Habibu kamar tulu. A makon ne kuma na ji Baba yana cewa bayan Babbar Sallah za a yaye shi. Ban gaya wa kowa ba, amma tsoro ya kama ni ƙwarai. Na daina fita gaɗa da carafke. In an tashe mu tara a makaranta sai in sheƙo gida in leƙa, in na ji ƙarar taɓaryarta in koma. Ƙosan da aka ba ni na safe a kwanonta nake zubawa. Ranar da aka yi miyar giwan ruwa na ture kwano na ce ɗan wata ne, aka yi ta yi mini dariya har Baba ya ƙware. Daga ƙarshe na ɗauke takalmanta na fita unguwa na cusa a buhun gawayi. Ta yi ta nema tana tsine wa ɓeraye.

Wata Juma'a da hantsi, muna hutun Sallah, Kaka, mahaifiyar Baba, ta iso daga Kabuga da kwalbar rubutu. Ta ba Habibu ya sha, ta kwance shi daga bayana ta goya. Sai a lokacin na gane shi za a tafi da shi. Yana miƙo hannu yana kiran Umma, ita kuwa ta ba ƙofa baya tana tankaɗe, ba ta ɗago ba har kukansa ya ɓace a lungu. Haushinta ya cika ni. Da na kai wanke-wanke madafi na same ta zaune, gaban rigarta ya jiƙe da nono, tana goge ido da gefen zani. Ta ce, "Hayaƙi ne." Murhun ko toka mai ɗumi babu.

Na je na zaro takalman, baƙi ƙirin da gawayi, na ajiye a gabanta na ce ta je ta gano shi. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Ashe ke ce ɓeran. In ya gan ni yau an koma farko. Mayar da su inda kika ɓoye, ko na roƙe ki kada ki ba ni sai Kaka ta aiko."

Sai da na girma na san dabbar nan ba kifi ba ce, kuma ba ta da suna a Hausa. Na karanta cewa an taɓa karkashe su saboda man kitsensu har suka kusa ƙarewa, sai da aka hana farautarsu suka sake cika gaɓa. Uwar kuma yunwa ce ke kora ta cikin zurfin teku, bayan ta juye wa ɗan duk abin da ke jikinta. Yanzu jikokina suna nuna mini su a waya da launi, 'ya'yana kuma a ɗakinsu suke yaye nasu, ba Kaka, ba rubutu. Umma ta rasu, Habibu ya yi furfura. Duk sanda uwar nan ta ja ciki ta nufi ruwa, yara sukan ce ba ta da tausayi. Ni kuwa na san abin da ke hana uwa waiwaye.