Mai Raba Fayil Biyu

Teburinsa na fuskantar bencin da nake zaune ina jiran a sa wa takardata hannu. Mutum ne mai furfura a gefen kunne, tabaransa ɗaure da zare, shayinsa ya daɗe da hucewa. Duk sanda ya danna maɓalli, sai ya janye hannu kamar mai gudun ƙuna.

Abokiyar aikinsa ta leƙo. "Yaya, har yanzu?"

"Har yanzu. Manhajata na miƙa wa wani laburare, wato shirin da wasu suka gina, rubutun shirin kwamfuta ya feɗe mata shi. Da wani yaren kwamfuta daban aka gina shi, ta gada nake kiransa. Yana karɓa sai komai ya mutu, ko sallama babu. Wanda ya gina gadar kuwa, shekara huɗu bai amsa wa kowa ba."

Dabararsa ɗaya ce. Yana raba fayil ɗin rubutun biyu, ya ajiye rabi, ya gwada sauran, ko zai kama layin da ke kisan. Layi dubu ya koma ɗari biyar, ya koma sittin, ya koma uku. Ina zaton wani na jiran aikin nan tun makon jiya, kuma a gida an daina tambayarsa ya aiki.

Yanzu ya goge layin ƙarshe, fayil ya zama fari fat. Ya danna, ya janye hannu, manhajar ta sake mutuwa.

Ya cire tabarau a hankali. "Ƙanwata," ya ce wa abokiyar aikin nasa, "to yanzu me zan raba?"