Baƙon da Baba Ya Sakar wa Gida

Muryar Mama wuri ɗaya ta rage mana a duniya, cikin tsohuwar kwamfutar Baba. Ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu har ta rasu. Kaset-kaset ɗinta danshin damina ya cinye su, Allah dai ya sa an riga an juye su. Daga baya Baba ya yi ta loda waƙoƙin coci a kai, na ƙauyuka da na situdiyo, har kwamfutar ta cika maƙil tana nishi.

Ni ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kafanchan, don haka gyaran ya faɗo kaina. Na sa mata mataimakin nan na AI, irin wanda ba surutu kawai yake yi ba, shi da kansa yake rubuta umarni a baƙin allo, kwamfuta ta bi. Umarni ɗaya ya isa ya share komai, kuma abin da aka goge ta nan ba ya biyawa ta kwandon shara. Shi ya sa na haɗa shi da wata manhaja mai tsaron ƙofa. Duk abin da zai yi sai ta nuna shi tukuna, ta jira a ce e ko a'a. Na kuma ba da saƙon filashi daga Kaduna, don in kwafe Mama gefe kafin a goge ko tsinke.

Baba tsohon hedimasta ne, Turanci ba ya ba shi tsoro. Ya ja kujera yana karanta tambayoyin da ƙarfi. In duba nan? In canza sunan wannan? Da fari abin ya burge shi, wai yaran yanzu su zo su ga tarbiyya. Can sai na ga fuskarsa ta canza. A gidanmu baƙo ba ya roƙon ruwa. Ko masu sayen citta da ke sauka wurinmu, randa da ɗakin girki ake nuna musu tun ranar farko. Wanda aka bari yana ta neman izini, an nuna masa ba a yarda da shi ba ke nan, kuma kunyar ta mai gida ce. Na yi masa bayani cewa wannan ba mutum ba ne, ba ya jin haushi. Ya ce to me ya sa yake cewa na gode. Raina ya ɓaci, amma Baba ne, na haɗiye.

Ranar da aka tura ni taron malamai a Zonkwa, filashin bai iso ba tukuna, na roƙe shi kada ya danna komai sai canza suna. Ya ce ya ji.

Muna hanyar dawowa a bas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai ga wayarsa. Muryarsa fes, kamar wanda ya sauke kaya.

"Malama, baƙon naki na sallame shi daga gaisuwa. Akwai wurin da ya ce kar a sake tambaya, na danna. Na ce ya samo mana fili, gida nashi ne."

Na tambaye shi me ke kan allon. Ya ce rubutu ne ke gudu, ba ya ma karantuwa, kuma kwamfutar ta yi sauƙi sosai. Na ce ya danne maɓallin kashewa yanzu-yanzu. Ya ce ba a katse mutum yana tsakiyar aiki. Sai layin ya ɗauke. Bas ɗin na tsayawa kowane ƙauye ana sauke buhuna, ni kuwa ina ta kira ba ya shiga. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Na tarar da shi a falo, ya kunna waƙar da Mama ta fi so. Muryoyin 'yan mata ne, tas, da piyano. Mataimakin ya bar bayani cikin ladabi: duk waƙar da ya samu fiye da ɗaya, ya bar mafi tsabta, ya goge masu ƙara da shuuu. Na Mama a kaset aka ɗauke su, a tsakar coci.

Baba ya saurara har ƙarshe.

"Ba ita ba ne," ya ce. "Tambaye shi ina ya kai ta."

Ban tambaya ba, na kashe kwamfutar. Na gaya masa wataƙila masu gyara su iya tono wani abu, amma duk kunnawar da aka yi tana iya rubutu a kan abin da ya saura, kuma babu mai ba da tabbaci.

Har yau ba a kai kwamfutar wurin masu gyara ba. Tana kan kabad a ɗakinsa, naɗe da zanen Zumuntar Mata. Duk sa'ad da na ce mu gwada, sai ya ce a bari tukuna. Wai in aka buɗe ba a samu muryar Mama ba, shi ke nan.