Zanen Da Ya Kalli Bango

Duk wanda ya yi karatun zane-zane a Samaru, in dai yana cin awara, ya san Susanna. Matar yayana ce, marigayi Shekari kafinta. Ni ce Sarah ƙanwarsa, kuma ɗakina na jikin nata a gidanmu na Palladan, saboda haka in na ce matar nan ba ta yarda da kowa ba, ba a gari na ji ba. In ka gaishe ta da fara'a sai ta ce me kake nema, in ka wuce ba ka gaishe ta ba ta ce me ka ƙulla. Ni da muka tsufa tare, har yau in na shiga ɗakinta sai ta bi hannuna da kallo. Nakan ce mata, "Matarmu, ke kam ko mala'ika ne ya zo ɗaukar ki sai ya nuna miki katinsa." Sai ta ce, "To da fa?"

Tana budurwa ta zo Zariya daga ƙauyensu na wajen Kachia. Ta yi aikatau a gidan wani malami, ta auri Yaya, ta kafa kaskonta a bakin hanya kusa da kasuwar Samaru. Shi Yaya aikinsa haɗa wa ɗalibai katakon da suke ɗaure ƙyallen zane a kai, wanda suke kira kanbas. Wato su biyun a jikin masu zane suka ci abinci, amma ita ba ta taɓa sakin jiki da sana'ar ba, kuma tana da dalili. Wata maƙwabciyarta mai gasa masara wani ɗalibi ya taɓa zanawa, ana ta dariya. Bayan shekaru ɗanta direba ya shiga wani otel a Legas ya tarar da fuskar uwarsa a bango, a kan mutane masu shan giya. Tun daga ranar, in yaro ya fito da fensir a gaban kaskon Susanna sai ta juya masa baya.

Mutum ɗaya ce ta samu shiga, Tolulope, Bayarbiya haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausar bakinta ta fi tawa daɗi. Da ta gama karatu ta kama ɗakin baya na gidanmu ta mai da shi wurin aiki. Yaya ya riƙe ta kamar 'ya. A shekararsa ta ƙarshe ta zana shi a kan bencinsa yana dariya, wushiryarsa a waje. Hotunansa da muke da su duk ya ɗaure fuska kamar sabon soja, domin shi a ganinsa haka ake tsayawa gaban kyamara. Zanen nan kaɗai ne ya kama mutumin da muka sani. Da ya rasu Susanna ta rataye shi a falonta, kuma kowace safiya ina jin ta ta bango tana gaishe shi tana ba shi labarin tsadar waken suya.

Rigimar ta fara ne da Tolu ta karɓi zanen ta kai ɗakinta don ta shafa masa wani mai da ke hana launi dushewa. Yana can sai ga Ikenna. Shi ma ɗan Sabon Gari ne, ya je Legas ya dawo ya mai da tsohon sito na ubansa ɗakin baje kolin zane, ya shafe shi da farin fenti. Ba ya zane, ba ya firam. Aikinsa ya zaɓi na mutane ya ce wannan ya zauna kusa da wancan, kuma wai shi ne oga. Ni dai ban taɓa jin sana'a irin wannan ba, kuma takalminsa ma bai kwanta mini ba.

Muna tsakar gida muna tsince wake, ƙofar Tolu a buɗe, muka ji shi yana cewa, "Tolu, sauran duk kin yi su ne don a yaba miki. Wannan kaɗai kika manta da masu kallo. Shi zan sa daura da ƙofa, duk wanda ya shigo da shi zai fara gaisawa."

Ta ce, "Ba nawa ba ne, na Mama ne."

"Aro kawai. In an tashi ni da kaina zan dawo da shi."

Susanna ta ajiye tire. Suka fito, Ikenna ya rusuna har ƙasa, ya yi bayani mai daɗi. Ta bar shi ya gama tsaf sannan ta ce, "Ɗana, mijina bai taɓa kwana a waje ba yana da rai, ba zai fara yanzu ba." Ya ce ya ji, ya gode. Tolu ta ce, "Mama, kin ce a'a, shi ke nan. Man ya bushe zan maido miki."

Suna juya baya ta matso kusa da ni. "Kin ga yadda suka yarda da sauri? Mutumin da ya so abu haka ya haƙura nan take? Akwai wata a ƙasa." Na ce, "Haba matarmu, Tolu ce fa." Ta ce, "Tolu ce, amma wancan mai baki kamar zuma fa? Yarinya ce, zai juya ta." Gaskiya ban musa mata da ƙarfi ba, don ni ma ban yarda da shi ba.

Ga shi a makon za ta tafi taron zumuntar mata a Kafanchan. Abin da ta yi kafin ta tafi, sai daga baya na sani. Ta ƙi kai zanen ɗakinta, domin Tolu na da makullin tun lokacin jinyar Yaya. Ta ƙi kawo shi nawa, wai ni bakina ba ya riƙe magana. A ɗakin Tolu kuwa akwai wasu tsofaffin zane jingine a lungu, duk an juya su suna kallon bango, ƙura ta rufe su, ba ta taɓa ganin an taɓa su ba. Ta ce a ranta ba mai neman abu a cikin sharar ɗakinsa. Da Tolu ta fita sai ta lallaɓa ta cusa Yaya a tsakiyarsu, shi ma ta juya shi ya kalli bango, ta hau mota hankalinta kwance.

Tana can Tolu ta zo ta same ni ta ce, "Anti, Mama ta ɗauke zanen Baba ne?" Na ce ban sani ba, amma halinta ne. Idonta ya yi ja, ta ce, "Ba komai, ai nata ne." Washegari wani dattijo mai rubuta allunan shaguna, Sebastian daga Basawa, ya zo da keke napep ya kwashe tarin nan na lungu. Na sha ganin yana zuwa yana ɗaukar kaya yana dawowa da su, ban kawo komai a raina ba.

Susanna ta dawo, ta leƙa ɗakin, ta zo ta same ni. "Sun gano shi. Sun kwashe har da sauran don kada in gane." Na ce mu tambayi Tolu mana. Ta ce, "Mu tambaya su ɓoye? A'a. Ranar buɗe baje kolinsu za mu je, a gaban manyan baƙinsu zan sauke mijina daga bango." Makonni tana amsa gaisuwar Tolu da ka kawai, ita kuwa yarinyar tana ta aiki kamar za ta kashe kanta, don lokaci ya matso.

Ran Asabar da la'asar muka ɗaura zanin zumunta muka tafi Sabon Gari. Ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai, ana ta Turanci ana shan lemo. Daura da ƙofa babu komai sai ƙusa a farin bango. Susanna ta zagaya ɗakin, ta leƙa bayan labule, har ƙofar bayi ta tura. Ta ce mini a kunne, "Sun riga sun sayar."

Sai aka jera kujeru, Ikenna ya zauna da masu zanen suna hira a gaban jama'a. Ya nuna ƙusar ya ce akwai zanen da ya so ya rataya a wurin, mai shi ta hana, kuma ya bar wurin haka don a san ba duk abin da aka zana ne na kallon jama'a ba. Na ce a raina, ji makirci. Wani malami mai furfura ya tambayi Tolu me ya sa ayyukanta ke da kauri da gurzu-gurzu in an matso kusa.

Ta yi dariya ta amsa da Hausa. "Malam, kanbas ya yi tsada. Duk waɗannan a kan tsofaffi na yi su. Ni in zane ya ƙi ni, juya shi nake yi ya kalli bango, ba na sake duba shi, don in na duba tausayi zai kama ni. In sun taru Baba Sebastian ya kwashe, ya goge su da samfefa, ya shafe da fari ya dawo mini da su. Ba ya tambaya, ya san duk wanda ya kalli bango ya gama."

Mutane suka yi dariya. Ni kuwa na ji hannun Susanna ya damƙe cinyata har sai da na ce wash. Na dube ta, wallahi fuskarta kamar an watsa mata toka. Ta miƙe a tsakiyar mutane ta ce, "Tolu, juyo mini da su in ga bayansu."

Ba wanda ya gane sai Tolu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Mama, a ina kika ajiye shi?" Susanna ta nufi bango. Ikenna da kansa ya riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya. Katakon zanen Yaya shi ya haɗa abinsa, kuma shi ba ya buga ƙusa a kusurwa, sassaƙa su yake yi su shiga juna. Susanna na ganin sa ta ɗora hannu a kai. Aka juyo da gaban. Wata mata ce a sunkuye kan kasko, hayaƙi na tashi, bayanta kawai ake gani da ɗankwalinta, amma duk wanda ya san Susanna ya san ita ce. Tolu ta ƙi zana fuskar don ta san halin mai ita, kuma ta yi shi ne don ta ba ta su shirya.

Susanna ta ce, "A kankare ni." Tolu tana kuka ta ce ko an kankare babu komai a ƙasa, samfefa ta riga ta cinye. Ni ma kuka nake yi, ga haushi, na rasa wanda zan zaga. Na so ƙwarai a ce laifin Ikenna ne.

Tolu ta yi ta gwada sake zana shi daga baya. Kamannin na fitowa, wushiryar ma na nan, amma dariyar ta ƙi zuwa, ita da kanta ta daina. Susanna ta koma kan kaskonta, har yanzu tana lasar gishiri kafin ta yarda gishiri ne. Zanen nan nata da kasko kuwa ta kawo shi gida tun ranar baje kolin, ta rataye shi a ƙusarsa ta da, amma a juye, katakon Yaya na kallon falo. Tolu ta shigo ta gani ta ce, "Mama, kin san abin da hakan ke nufi a wurina." Ta ce, "Na sani yanzu. Ki gaya wa Sebastian wannan ba nasa ba ne." Da safe ina jin ta ta bango tana gaishe shi, amma ta daina ba shi labarin wake. Haƙuri kawai take ba shi.