Kyari, Mun Kai Ka Gida a Fijonka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran aminina kuma abokin wasana, Malam Kyari Abbagana, direban Gashua, a wani asibiti a Nguru bayan gajeriyar jinya. Ni Hamajoɗa Bafulatani, da na yi rabin rayuwata a kujerar gaban motarsa ina tsokana yana ramawa, yau ni kaɗai nake magana.

Kyari, duk wanda ya san hanyar Gashua zuwa Nguru ya san tsohuwar farar Fijonka da jarkokin ruwan da ba su rabuwa da bayanta. Mota ce mai ƙishirwa. Na sha gaya maka ko shanun babana ba su kai ta shan ruwa ba, ka sayar da ita ka huta. Sai ka ce, "Kai Fulata, saniya in ta ji ƙishi kuka take yi. Wannan sai mai hankali ke jin nata." Babarbare da taurin kai, haka muka tsufa ba ka sayar ba.

Ina tuna yadda kake yi idan allurar zafin inji ta fara hawa. Ka gangara gefen titi, ka kashe inji, ka ɗaga bonet, ka nemi inuwa ka zauna kamar wanda ya zo hira. Fasinjoji su yi ta guna-guni, kai kuwa kana ɓare goro. Idan wani mai gaggawa ya kai hannu ga murfin lagireto, sai ka daka masa tsawa, ka naɗe hannun rigarka ka nuna masa tabon ƙunar da ka samu tun kana saurayi. Sai ta huce kake tashi. Ka leƙa ƙarƙashinta ko akwai jiƙa a ƙasa, ka bi tiyo da yatsa kana matsawa, ka taɓa fambel ko ya saki, ka zaro ma'aunin baƙin mai ka duba ko ya koma kalar shayi da madara. Kullum kana cewa ruwa ba ya ɓata haka kawai, ko dai yana zuba a waje ko inji na shanye shi a ciki, kuma wanda ya ƙara ruwa bai nemo hanyar fitarsa ba bai yi gyara ba.

Daga baya na gane jarkokin nan ba don motarka kaɗai ba ne. Ban taɓa ganin ka wuce mota da buɗaɗɗen bonet ba ka tsaya ba. Akwai ranar da muka tarar da a-kori-kura cike da kifin Nguru tana tururi a tsakar rana, mai kayan ya dafe kai. Ka kwanta a ƙasa mai zafi da farar rigarka har ka gano famfon ruwa ne ke ɗiga, ka juye masa ruwanmu, ka bi shi a baya sannu-sannu har gari. Na yi ta mita ka ɓata mini cin kasuwa. Yau da za a maido mini da wannan ranar, da ni zan riƙe maka jarkar.

Da ciwo ya matsa maka, ka ƙi yarda kowa ya tuƙa ka. Kai ka kawo kanka Nguru, ina gefenka. A gadon asibiti ka kama hannuna ka ce, "Fulata, in abin ya zo, a kai ni Gashua kusa da Ya Fanne, kuma a motata." Ya Fanne mahaifiyarka ce. Na ce ka daina wannan zance, amma na amsa.

Da ka cika, mutanen kirki suka ce rana ta yi zafi, gawa ba ta jira, a yi maka sutura a Nguru ko a nemo mota mai lafiya. Gaskiya suka faɗa, amma na riga na ɗauki alkawari. Muka kwantar da kujerar baya muka shimfiɗe ka, babban ɗanka Ismail ya kama sitiyari.

Mun wuce Jajimaji kaɗan allura ta tashi, tururi ya turnuƙe bonet. Mutane na can Gashua suna jiran jana'iza. Ismail ya fita a kiɗime ya kai hannu ga murfin, sai na ji muryata ta daka tsawa irin taka. Ya dube ni da hawaye ya ce, "Baffa, ya za mu yi da Baba a wannan rana?" Na ce, "Zauna ta huce, haka yake yi."

Ni da ban taɓa riƙe sifana ba, na durƙusa na leƙa. Baƙin mai lafiya, fambel lafiya. Na bi tiyon ƙasa da yatsa, sai ga tsaga daf da inda aka ɗaure shi. Muka yanke bakin da wuƙata, muka mayar muka ɗaure. Ashe duk shekarun da nake maka dariya, karatu kake ba ni.

Saura ruwa. Ismail ya buɗe baya, muka tarar da jarkokin cike har baki. Ka cika su kafin mu baro gida, kana shirin dawowa. Nan ne kukan da na danne tun safe ya ƙwace mini.

Mun isa kafin la'asar. Aka yi maka salla, aka kwantar da kai kusa da Ya Fanne. Ruwan da ya rage a jarka ta ƙarshe, da shi aka kwaɓa ƙasar da aka rufe kabarinka.

Allah Ya jiƙanka, Kyari, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya zukatan matafiya, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajja Bintu, da Ismail da ƙannensa, da direbobin tashar Gashua da ta Nguru. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani.

Ismail ya ce ba za a sayar da motar ba. Na ce to, cika jarkokin kuwa ya bar wa Fulata.